Mahaifina ya ƙi ajiye fartanya, rumbunsa kuma ba ya kai damina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne babban ɗa namiji a gidanmu, ina aikin albashi a birni, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Mahaifina ya haura shekara 70, kuma tun tasowarsa bai san wata sana'a ba sai noma. Kowace shekara yana samun amfanin da ya kamata ya ishi gidansa, amma kafin ruwan farko ya sauka rumbu ya ƙare, domin duk wanda ya zo masa da kuka sai ya ɗebar masa: dangi, maƙwabta, matan da mazansu suka rasu, har baƙin da bai taɓa gani ba. Idan abinci ya yanke, ni ake kira. Bara ya yanke jiki ya faɗi a gona, sai ɗauko shi aka yi. Na roƙe shi ya sayar da gonar ya dawo wurina ya huta, sai ya ce mini, "Kana so ka binne ni da raina ne?" Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mahaifiyata tana bayana, amma ba ta iya faɗa masa. Ina tsoron saɓa masa, ina kuma tsoron ranar da za a kira ni a ce ya cika a bakin aiki. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da iyayenka, domin wanda bai damu da mahaifinsa ba ba zai rubuto irin wannan wasiƙa ba. Na karanta ta sau biyu, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne ka janye maganar sayar da gonar gaba ɗaya, kada ka sake tayar da ita, ko da wasa. Damuwarka a kan lafiyarsa da kuma a kan rumbun gaskiya ce, kuma zan tsaya a kanta da kyau, amma maganin da ka kawo ya fi ciwon zafi a wurinsa, shi ya sa ya ba ka amsar da ya ba ka.

Ka yi tunanin yadda ranar mahaifinka take tafiya. Yana tashi kafin kiran sallar asuba, ya taka zuwa masallacin da ya san wurin tsayuwarsa a sahu, ya gaisa da mutanen da suka yi ƙuruciya tare, sannan ya saɓa fartanya ya nufi gonar da ya san kowane kwari da tudu nata, ya san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙasa ta gaji take neman taki. Matasa suna tare shi a hanya su tambaye shi ko wannan ruwan ya isa shuka ko a dakata, shi kuma ya tona ƙasa da yatsa ya duba inda laima ta tsaya kafin ya ba su amsa. Idan biyu suka yi saɓani a kan iyakar gona, shi ake nema, domin yana nan lokacin da kakanninsu suka dasa itacen da ya raba su. Duk wannan ka ce ya sayar, ko da yake ba haka ka nufa ba. A gidanka na birni zai sami katifa mai laushi da magani a kan kari, amma babu wanda zai tambaye shi komai, kuma babu abin da zai ba kowa da hannunsa. Na taɓa ganin wani dattijo a danginmu da 'ya'yansa suka ɗauke shi daga gona saboda ƙauna. Yakan wuni a ƙofar gida a kan tabarma, idan hadari ya haɗu sai ya miƙe tsaye yana kallon gabas, yana tambayar yara ko an yi shuka a gida. Jikinsa ya huta, amma cikin 'yan watanni maganarsa ta ragu, cin abincinsa ya ragu, har 'ya'yan da kansu suka mayar da shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi a zuciyar mutum irin mahaifinka. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Manomi mai tsoron Allah yana ɗaukar gonarsa a matsayin wurin ibadarsa na biyu bayan masallaci, kuma a shekarun da mahaifinka yake ciki, guzurin lahira ya fi komai cika masa tunani. Lokacin da ka ce ya huta, abin da ya ji shi ne ana neman rufe masa ƙofar lada tun yana da sauran ƙarfi.

Saboda haka matakin farko naka ne, kuma kada ka yi shi ta waya. Ka nemi hutun kwana biyu ko uku ka tafi gida, ka same shi shi kaɗai bayan sallar isha'i, ka durƙusa ka ce masa, "Baba, na yi magana cikin tsoro saboda faɗuwar da ka yi, ban auna ba, ka yafe mini. Gonarka tana nan, ni ma ina so in sa hannu a cikinta." Kada ka haɗa neman afuwar da wani sharaɗi, kada kuma ka kawo maganar rumbu a wannan dare. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta ambaci tsufan iyaye musamman, ta hana ko da furta musu kalmar ƙosawa, ta kuma yi umarni da magana mai karamci. Washegari ka bi shi gona, ka bar shi ya zagaya da kai ya nuna maka abin da yake so ya nuna, ka yi tambaya ka saurara. Dattijon da ya ga ɗansa yana sauraronsa a gona ya fi saurin sauraron ɗan a gida.

Yanzu ga wurin da gaskiya take hannunka. Rumbun da ke ƙarewa kafin damina matsala ce ta haƙiƙa, kuma wadda ta fi kowa ɗanɗana ta ita ce mahaifiyarka, domin ita ce ke tsayawa gaban murhu da tukunya, ita ce yara ke kallo idan rana ta yi. Shirun da take yi kawaici ne irin na matan da suka daɗe da aure, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin yarda ba. Kyautar mahaifinka hali ne mai kyau da bai kamata kowa ya kashe ba, sai dai addinin da ya koya masa bayarwa ya kuma tsara ta. Ya zo a hadisi ingantacce cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda aka yi bayan wadata, kuma mutum ya fara da waɗanda ciyar da su ke wuyansa. Aya ta 29 a Suratul Isra'i ta hana ƙuƙunce hannu a wuya, ta kuma hana shimfiɗa shi gaba ɗaya har mutum ya zauna abin zargi cikin nadama. Manzon Allah da kansa, wanda babu mai kama ƙafarsa a kyauta, ya kasance yana keɓe wa iyalansa abincin shekara guda daga dabinon Banun Nadir, kamar yadda Sayyidina Umar ya ruwaito. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga dattijon da ke ganin ajiyar hatsi kamar raunin tawakkali ne. Ga kuma Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda a aya ta 47 ta surar da ke ɗauke da sunansa ya ba da shawarar a bar abin da aka girbe a cikin zangarniyarsa sai ɗan kaɗan da za a ci, kuma wannan ajiyar ce ta ciyar da mutanen Masar da na kewayenta shekara 7 na fari. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda rumbunsa ya kai tsakiyar damina shi ne ke iya taimakon maƙwabci a lokacin da yunwa ta fi tsanani, wato lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba.

Wannan batu na ƙarshe shi nake so ka riƙe, domin shi ne zai shiga kunnen mahaifinka. Kada ka ce masa ya rage kyauta. Ka ce masa kana so kyautarsa ta kai watan da mutane suka fi buƙatarta. A kaka kusan kowane gida yana da abin dafawa, wanda ya karɓi kwano a lokacin ya karɓi ƙari ne. Amma matar da mijinta ya rasu, idan ta zo da ƙwaryarta a lulluɓe cikin mayafi ana tsakiyar marka, ta tarar rumbun da ta saba dogara da shi babu komai, ita ce ta yi hasara mafi girma, kuma shi ma zai ji ciwon mayar da ita hannu sake fiye da kowa.

Hanyar shiga wannan gyara ita ce zakka, domin ita farilla ce, kuma ba zai ƙi a auna saboda ita ba. Manoma da yawa masu buɗaɗɗen hannu suna bayar da abin da ya ninka zakkarsu, amma ba su taɓa aunawa sun fitar da ita da niyya ba, alhali kyautar da aka yi ba tare da niyyar zakka ba ba ta sauke farillar. Aya ta 141 a Suratul An'am ta ce a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. Nisabin hatsi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, jimla sa'i 300 ke nan bayan an sussuke an sheƙe, wanda malamai da dama suka ƙiyasta da kimanin kilo 650. Idan amfanin ya kai haka, abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi ɗaya cikin 10, wanda kuma aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar noman rani da injin ban ruwa, ana fitar da kashi ɗaya cikin 20. Masu karɓarta su ne rukunai 8 da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma dangi matalauta waɗanda ciyar da su bai wajaba a kansa ba suna cikin waɗanda suka fi cancanta. Abin da yake kaiwa don gyaran masallaci sadaka ce mai lada, amma a wurin mafi yawan malamai ba ya shiga lissafin zakka. Ku zauna da limamin da ya yarda da shi ya warware muku sauran rassan mas'alar bisa irin abin da yake nomawa.

Da zarar an fara aunawa saboda zakka, sauran lissafin zai biyo baya cikin sauƙi. A kakar da ke tafe ka yi ƙoƙari ka kasance a gida ranar da za a shigar da amfani. Bayan zakka, a ware iri tukuna, shi da kansa ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika kamar yadda ya saba, a ajiye shi inda ba a taɓawa. Sannan ka tambayi mahaifiyarka, a gabansa kuma cikin ladabi, mudu nawa take aunawa kullum, ku ninka da kwanakin da suka rage zuwa wata kakar, ku ƙara wani abu saboda baƙi da rashin lafiya da sauran abin da ba a shirya masa ba. Wannan shi ne abincin gida, kuma ina ba da shawara ya zama a ajiya ta dabam a hannun mahaifiyarka, da amincewarsa. Duk abin da ya rage nasa ne, ya bayar yadda ransa yake so babu mai tambayarsa, sai dai ka roƙe shi ya raba shi biyu, ya rufe rabi har sai an yi noman farko. Idan kana da hali, ka sayi buhu ɗaya ko biyu ka zuba a cikin wannan kason na kyauta ka ce masa, "Baba, wannan nawa ne, ka bayar a madadina." Ba na jin akwai abin da zai faranta masa rai kamar wannan, domin zai gane cewa ka shigo cikin aikinsa na alheri a matsayin abokin tarayya.

Ka kuma sake duba lokacin da kake aika kuɗi. Yanzu kana aikawa ne bayan abinci ya yanke, lokacin da hatsi ya fi tsada a shekara. Ƙananan manoma da yawa suna sayar da wani kaso na amfaninsu a kaka, lokacin da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, don biyan bashin taki da na 'yan ƙwadago da sauran buƙatu, sannan su dawo suna sayen irin wannan hatsin da tsada bayan wata 6 ko 7. Ka bincika a hankali ko hakan na faruwa a gidanku, domin mai yiwuwa ba kyauta kaɗai ke cinye rumbun ba. Idan ka tara abin da ka saba aikawa ka kai shi a kaka, ya biya waɗannan buƙatu ba tare da an taɓa hatsi ba, kuɗin da ka saba kashewa zai yi aikin da ya fi na da nesa ba kusa ba.

Wani ɓarawon kuma shi ne ƙwari, musamman a wake da masara, waɗanda kan zama gari cikin 'yan watanni idan ajiya ba ta yi kyau ba. Akwai buhunan ajiya marasa shigar iska, irin waɗanda ake kira PICS da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, masu leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowace leda dabam da kyau, iskar da ke ciki tana ƙarewa, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Sharaɗinsu shi ne hatsin ya bushe sarai kafin a zuba, kuma a kiyaye su daga ɓera da duk abin da zai huda ledar. Ina kuma gargaɗinka da ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin hatsi tana fitar da iskar guba: kada a taɓa ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da mutane ke kwana, domin tana kisa.

Faɗuwar da ya yi bara ita ce abin da bai kamata a jinkirta ba, kuma ban ga ka ce an kai shi asibiti ba. Mutumin da ya haura 70 ya yanke jiki ya faɗi yana buƙatar likita ya duba hawan jininsa, da sukari, da yawan jininsa, da bugun zuciyarsa, da kuma idanunsa, domin kowanne daga cikinsu na iya jawo haka, kamar yadda zafin rana da ƙarancin ruwa a jiki ke iya jawowa. Ka kai shi da kanka a wannan zuwan, ka shiga tare da shi wurin likita, domin dattawa sukan ce lafiya lau ko da ba lafiya. Abin da likita ya faɗa shi zai nuna iyakar aikin da ya dace da shi, kuma zai fi karɓar wannan iyaka daga bakin likita fiye da bakin ɗan da ya haifa.

Daga nan sai ku raba aikin gonar tsakanin na ƙarfi da na sani. Huɗa, da noman farko, da maimai, da ɗaukar dami aiki ne na matasa, kuma nan ya kamata kuɗinka da na ƙannenka su tafi, a ɗauki 'yan ƙwadago a kan lokaci. Zaɓen iri, da sanin ranar shuka, da duba inda ciyawa ko wuta-wuta ta ɓullo, da tsayawa a kan masu aiki, wannan nasa ne, kuma babu wanda zai yi shi kamarsa. Ya riƙa fita da sanyin safiya ya dawo kafin rana ta take, da ruwan sha a tare da shi, kuma kada ya tafi shi kaɗai. Jika ko ɗan maƙwabci da zai riƙa binsa zai tsare lafiyarsa, ya kuma kwashi ilimin da ba a samu a aji. Idan gonar ta yi masa faɗi, ya ba wani matashi amintacce aron gefe guda a gaban shaidu, a rubuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ka tara ƙannenka, maza da mata, kowa ya faɗi abin da zai iya ɗauka a shekara komai ƙanƙantarsa, domin kai ma matarka da 'ya'yanka uku suna da haƙƙi a cikin albashinka, kuma hadisin fara ciyar da na gida ya hau kanka kamar yadda ya hau kansa.

Na san za ka ce a cikin masu zuwa roƙon akwai waɗanda ba mabuƙata ba ne, sun dai gano dattijon ba ya iya cewa a'a. Akwai su, kuma ina kyautata zaton ya san su fiye da yadda ka san su. Kada ka sa kanka cikin tantance su, kada kuma ka tare kowa a ƙofar gida, domin hakan zai zubar masa da girma a idon mutanen da zai ci gaba da zama da su bayan ka koma birni. Idan kason kyauta ya zama sananne mai iyaka, shi da kansa zai fara fifita wanda ya fi buƙata.

Idan ka ga maganar rabon rumbun ta yi maka nauyi a baki, ka nemi amininsa guda ɗaya, wanda suke zama tare bayan la'asar, ka yi masa bayani a keɓe, ya kawo ta a matsayin hira tsakanin tsara. Kada ku taru a kansa ku da yawa, kada kuma ka ambaci cewa mahaifiyarka ta yi ƙorafi, domin amanar da ta ba ka ke nan. Ka tafi tun kafin a fara sharar gona, ka riƙe masa sabuwar fartanya marar nauyi a cikin tsarabarka, kuma idan Allah ya kai mu kaka ka sake rubuto mini yadda awon ya kasance. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa albarka a gonarsa, ya daidaita tsakaninku.